Amsa: Shin sanyi na iya tsaga jirgin ruwa na ƙarfe?

Malam, ka tambaya ko sanyi kaɗai na iya tsaga jirgin ruwa. Ba shi kaɗai ba, amma ya taɓa taimakawa hakan ta faru. Lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya da ake kira Liberty fiye da 2,700 cikin gaggawa, aka haɗa farantan ƙarfensu da walda maimakon ƙusa. Da suka shiga ruwan arewacin Atlantika sai wasu suka fara tsagewa, kaɗan ma suka rabe gida biyu.

Da farko masu walda aka ɗora wa laifi. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ce ta nuna matsalar daga ƙarfen take: in sanyi ya kai wani mataki, ƙarfen yakan daina lanƙwasa, sai ya fashe kamar tangaran. Tsagar takan fara daga kusurwar ƙofar zuba kaya, kuma tunda jikin a haɗe yake, babu abin da zai tare ta. Shi ya sa yanzu ake zagaye kusurwoyin.

Hunturunmu na Samaru dai bai kai can ba, kada ka ji tsoron gadon ƙarfenka! In kana Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ka nemi 'yan injiniyan ƙarafa su yi maka bayanin gwajin Charpy, wanda da shi ake auna yadda ƙarfe ke jure bugu kafin ya karye.