Amsa: Yaya kika ga farkon littafin mai tuwon nan?

Ƴar'uwa, kin tambaya ko littafin nan na bazawarar da ke tuwon sayarwa ya cancanci a saya. Ni dai babi huɗu na karanta, amma ya riga ya kama ni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wurin da uwar tsohon mijinta ta ɗanɗana miyar kuka, ta ajiye cokali ba ta ce uffan ba. Wallahi sai da na tuna amarcina a nan Maradi, ranar da na fara tuƙa tuwon hatsi ya yi gudaji, kowa ya ci ya yi shiru. Marubuciyar ta san madafi. Ta san daddawa sai an daka ta da tattasai kafin ta shiga tukunya, ta san ƙanshin man gyaɗa sabon matsa, irin na masu ƙuli-ƙuli.

Inda ta gaza shi ne saurayin bazawarar. Maganarsa ta yi zaƙi da yawa, ba ta yi kama da ta namijin da ya dawo daga kasuwa da yunwa ba.

Ki saya, amma ki fara daga babi na biyu in na farkon ya yi miki ja.