Jakar iska ba ta ƙara wa mota ƙashi

Ɗana, jiya da muke tattara sifanu ka tare ni da tambaya kan Hilux ɗin da Alhajin albasa ya kawo mana daga Goronyo, da kwalin jakunkunan iska, na roba masu tallafa wa sifirin baya, da aka aiko masa daga waje. Ka ce tunda za mu sa mata jaka, mi zai hana mu zare ganyen sifirin biyu ta yi laushi, mu haɗa tiyon hagu da na dama a bawul ɗaya, shi kuma ya ƙara lodi son ransa? Magariba ta kawo jiki, ban samu na ba ka amsa ba. Jawo benci ka zauna.

Fara da lodin, don nan ne ake asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Hilux ta tan ɗaya ce ko ƙasa kaɗan, kuma a cikin tan ɗin har da direba da yaran mota. Wato ko buhun siminti 20 na Kalambaina ka ɗora, ka cinye rabonta. Je ka karanta adadin da kamfanin motar ya rubuta da idonka. A wasu kwalayen jakar za ka ga an buga fam 5,000, sama da tan 2 ke nan. Wannan ƙarfin jakar ne ita kaɗai. Aksul na nan yadda yake, boris na nan, taya da birki da casis ba abin da ya ƙaru a jikinsu. Abin da jakar ke yi shi ne ta ɗago bayan mota idan ya zauna, sitiyari ya daina yawo a hannu, fitila ta daina haska sama tana kashe wa na gaba ido a hanyar Illela da dare. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma iyakarsa ke nan.

Na taɓa ganin abin da ya hana ni barci. Wata a-kori-kura mai ƙofa huɗu aka janyo mana, an sa mata jaka a wani gareji, an cika ta tim, an tula buhuna har bisa murfin baya da aka sauke. Tsakanin gidan direba da bodi, inda yatsa biyu ke shiga da ƙyar, sai ga shi tafin hannuna ya shige ta sama. Casis ya lanƙwashe daidai kusa da inda jakar ke tokare. Sifirin yana raba nauyi ne gida biyu, ratayen gaba da ratayen baya. Jaka kuwa wuri ɗaya take tura ƙarfe. Idan ka zare ganye, ko ka hura ta har ta karɓe aikin sifirin duka, ka tara nauyin mota a inda kamfani bai gina don shi ba, sai gargada ta ƙarasa sauran. Don haka ganye ko ɗaya ba za mu zare ba. Abin da ya fi, mu duba wanda ya karye ko ya gaji mu canza, mu duba shokozoba da robobin rataye kafin mu buɗe kwalin.

Kafin ka taɓa noti, ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Rubuta da alli a bango, kada ka ce za ka riƙe da ka. Duk aikin kan wanga awo zai dogara. Sannan ka ɗaga ta, ka tokare casis da ƙafafun ƙarfe. Kada in sake ganin ka ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai.

A yawancin irin wagga mota, robar da ke tare aksul kada ya bugi casis ita ake cirewa, jakar ta zauna a gurbinta: ƙarfen riƙo ɗaya a sama, ɗaya a kan aksul ko sifirin. Ka ɗaura notin sakwa-sakwa tukuna, ka daidaita har jakar ta tsaya tsaye cak, sama da ƙasa suna kallon juna, sannan ka matse. Zagaya ta da yatsa, ka tabbata akwai filin rabin inci a kowane ɓangare, don idan ta sha iska kumbura take yi, kuma duk abin da ta goga zai huda ta. Walda a jikin casis babu ita. Idan huji ya zama dole, leƙa bayan ƙarfen da tocila, bututun birki da na mai da wayoyi duk nan suke bi.

Tiyon na roba ne mai tauri, kwata na inci. Da reza sabuwa ake yanka shi, yanka ɗaya a miƙe. Filaya tana matse bakin, kuma bakin da ya matsu sai ya yi yoyo ko bayan wata guda ne. Tura shi cikin mahaɗi har ya tsaya, ka ɗan ja baya ka ji ya kama. Nisanta shi da salansa aƙalla inci 6, ka ɗaure farantin kare zafi da ya zo cikin kwalin. Na taɓa barin tiyo kusa da salansa ina saurayi, motar ba ta kai Achida ba ya narke, gefe ɗaya ya zauna da lodi a bisa. Allah ya tsare ba a yi rauni ba, amma tun ranar nake bin tiyo da hannu daga farko har ƙarshe.

Batun bawul ɗaya, a'a. Idan mota ta sha kwana nauyi yana komawa gefe guda. In tiyon a haɗe yake, iskar gefen da aka danne sai ta gudu zuwa ɗayan, wanda ya kamata ya tokare ya saki, wanda ya kamata ya sauka ya ƙara tashi. Mota mai dogon lodin albasa ba ta buƙatar wanda zai taya ta karkata. Bawul biyu za mu fitar kusa da lamba, kowane da murfinsa, don ƙurar hunturun Sakkwato in ta shiga bakin bawul ba ya sake rufuwa daidai.

Ga wanda makanikai da yawa ke mantawa. Leƙa ƙarƙashin wagga Hilux, za ka ga siririn ƙarfe ya taso daga aksul zuwa wani bawul na birki a jikin casis. Tsofaffin da ba su da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da shi. Idan bodi ya zauna, bawul ɗin yana gane an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To in ka ɗago bodin da iska har ya koma awon da ka rubuta, ka yi masa ƙarya: motar na ɗauke da tan guda, shi yana zaton wayam take. Ni ra'ayina, kada ka maido ta daidai awon alli. Bar ta ƙasa da kamar yatsa biyu, sifirin ya ji kaya, sannan mu fita da ita da lodi mu gwada birki kafin a miƙa makulli.

Iska kada ta gaza 5 a geji, irin awon iskar taya (psi), ko da ba kaya, don jakar da ba iska niƙe kanta take yi. Kada ta wuce abin da takardarta ta ce, galibi 100 ne, kuma da wuya ka buƙaci kusa da haka. A yi lodi tukuna, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana aunawa. Cikinta ƙarami ne, injin mai faci zai cika ta kafin ƙiftawar ido, famfon keke ma ya isa. Ka tuna da rana kuma: abin da ka sa 50 da sanyin asuba zai iya kai 55 da azahar a watan Afrilu, don haka da safe ake awo. Kwamfuresa da maɓalli a gaban direba na da daɗi, amma bai zo cikin kwalin Alhaji ba, mu bar shi sai wani jiƙon.

In mun gama, sa 30 a kowane gefe, ka kaɗa ruwan omo ka shafa a duk mahaɗi da bakin bawul. Inda ya yi kumfa, zare tiyon, sake yanka, sake turawa. Ta kwana nan. In da safe ta sauke 2 ko 3 ba komai, in ta wuce 5 akwai yoyo, mu koma mu neme shi. Alhaji kuwa ka bar ni da shi, ni zan faɗa masa da bakina cewa buhu ko ɗaya ba zai ƙara ba. Tashi ka ɗauko tef da alli.