Ku Tambayi Inna: Da me zan fara tanadi saboda ranar da ba a fata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Garin Malam. Mu bakwai ne a gida: ni, maiɗakina, yara huɗu da tsohuwata. Na ɗauki adashe jaka sittin. A salula ina ganin mutanen Amurka suna nuna jakunkunan da suke cikawa da wuƙaƙe da abincin gwangwani da na'urori iri-iri saboda ranar bala'i. Abokina kuma ya ce in cika kuɗin in sayi ƙaramin injin wuta. Tun ambaliyar daminar 2024 hankalina bai kwanta ba. Da me zan fara? Daga ɗanki, wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Yaro mai jini a jika ya ɗauki adashe, bai tuna sabuwar salula ba ya tuna iyalinsa, wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Ka bar jakar Ba'amurke inda ka gan ta. Shi abin da yake tsoro daban, ƙanƙara da guguwar teku, kuma pampon gidansa ba ya ƙafewa. Kai a Damagaram kake. Ka fara da ruwa.

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma garin nan a kan dutse yake zaune, ko ka tona dutsen za ka tarar. Shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in huta, kuma duk bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, abu ɗaya nake gani: pampo ya yi kwana biyu uku shiru, ƴan ga-ruwa su yi wuyar gani, mata su koma ɗiban ruwan tabki, bayan kwana kaɗan a fara kawo mana yara da zawo. Masu aikin agaji suna lissafa lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka da wanki gaba ɗaya. Ku bakwai, lita 105 ke nan kullum, wato bido huɗu na lita 25 da ɗan ɗori. Ba na ce ka tara na mako guda ba, ɗakinka ba zai ɗauka ba. Amma na sha da girki kaɗai, ka sa lita 5 kan kowane mutum: bido biyar za su riƙe ku kwana uku. Waɗannan biyar ɗin ka ware su, ka ɗaura musu tsumma a hannu don a gane su, ba na wanki ba ne. Ka sayi waɗanda man girki ya fito a ciki, a wanke da sabulu da ruwan zafi. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, ko kyauta aka ba ka, kada ruwan sha ya shiga cikinsa. Kuma ruwa ba gero ba ne da za a ajiye a manta: duk mako a juye na ciki a randa a yi amfani da shi, a cika sabo, a rufe, a sa a inuwa.

Ka je farmasi ka sayi ƙwayar tsabtace ruwa, Aquatabs. Ka tambayi mai sayarwa lita nawa ƙwaya ɗaya take yi, domin girmansu ba ɗaya ba ne, kuma bayan an jefa a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi dauɗa a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta. In babu ƙwayar, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. A farmasin nan ka haɗa da gishirin zawo kamar ƙunshi goma, da zinki na yara, da farasitamol, da bandeji. Gishirin zawon, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Ranar da babu shi, lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri. Ka koya wa maiɗakinka, ita ce a gida lokacin da kake kan babur. In tsohuwa tana shan maganin hawan jini ko na sukari, kada a jira ƙwaya ta ƙarshe, a riƙa sabuntawa tun saura na mako biyu. Maganin tebur da ya sha rana a bakin tasha kuwa, ban yarda ka kai shi gidanka ba.

Sai hatsi. A nan ba ni da sabon abin da zan koya maka, kakanninmu da rumbu suka rayu, mu ne muka shigo birni muka koma awon tiya kullum. Gero ya fi araha da kaka, Oktoba da Nuwamba, ya fi tsada a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da na bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Wanda ya ga yunwar 2005 ba sai an yi masa bayani ba. In adashenka ya zo daidai da kaka, ka sayi abin da ya samu, ko rabin buhu ne. In bai zo daidai ba, duk Alhamis in ka sauke fasinja a Kasuwar Dole ka auno tiya ɗaya ta daban, wadda ba ta tuwon ranar ba. Tiya arba'in buhu ne. Ka ƙara da garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, gishiri da ashana a leda, domin akwai daren da itace zai jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, yara kuma ba su san wannan ba. Garin rogo da ƙuli da ruwa mai kyau ya wuce da su zuwa safe.

Injin wuta kuwa, ka yi wa abokinka godiya, amma a'a. Ka tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulki. Masu inji a unguwarmu sun yi kwana kaɗan suna haske, daga baya kuɗin mai ya gagare su. Abin da ya yi mini amfani a watannin nan ƴar fitila ce mai sola, mai wurin cajin salula, da ƙaramin rediyo mai pil. Da fitilar nan na haska wa wata maƙwabciyata hanya da naƙuda ta kama ta ƙarfe biyun dare, da cajinta muka kira mai mota. Ka sayi irinta, da tocila ɗaya da za a rataye a ƙusa guda kullum, inda ko yaro zai lalubo ta cikin duhu.

Abin da ya rage, ko jaka biyar ce, ka canza ta ƙananan kuɗi ka ɓoye a gida. Kuɗin cikin salula kuɗi ne, amma ranar da babu rezo mai awo ba zai karɓi labari ba.

TAMBAYA: Inna ina wuni. Ni bazawara ce da yara uku, muna cikin gidan ƙasa na gado a Birni. Bangon ɗakin da muke kwana ya tsage daga sama. Ba ni da kuɗin siminti, ga damina ta matso. Ƴarki ce.

AMSA: Ƴata, wasiƙarki na karanta sau biyu, kuma da na san ƙofar gidanki da na zo da kaina.

Kin san abin da ya faru ranar 3 ga Satumba 2024, ba ki nesa da wurin. Tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ruwa ya kwantar da shi. A daminar nan fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, da yawansu gini ne ya faɗa musu. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa don ruwan rana ɗaya. Yana sha ne a hankali, ta sama inda rufi ya tsage ko indararo ya toshe, ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, sai ranar da ya ƙoshi.

Saboda haka ba siminti ne farkon magana ba. Ki kira magini na gargajiya, akwai su a Birni, ya duba tsagar da idonsa ya gaya miki ta yaɓe ce ko ta kai ga azara. A share indararo, a sake yaɓen rufi tun kafin ruwan farko, a tara ƙasa a gindin bango ta yi gangare, a buɗe wa ruwan tsakar gida hanya ya fita. Wannan aikin gayya ne, ki gaya wa mai unguwa da limamin masallacinku, ba abin kunya ba ne. Ki ja layi da gawayi a ƙarshen tsagar. In kin ga ta wuce layin, ko ƙofa ta fara cijewa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ku bar ɗakin a ranar, kada ki ce sai gobe. Tun yau ki shirya da wata maƙwabciya mai ɗakin siminti cewa daren da ruwa ya yi ƙarfi za ki kawo yara su kwana. A yi maganar da rana, ido na ganin ido, don kada ki tsaya jin nauyin buga ƙofa cikin dare.

Sai takardu, kuma ina roƙonki kada ki raina wannan. Bayan ruwan 2024 wata yarinya ta kawo mini takardar haihuwarta a tafin hannu, ta manne kamar ƙullun fanke. Muka shimfiɗa ta a kan faifai a rana, muna ɗaga ta da tsinke, amma tawada ta riga ta bi ruwa, sunan uban kaɗai ake iya karantawa. Shekarar da za ta yi jarrabawa ce, uwarta ta yi watanni tana sintiri kafin a samu wata. Ki haɗa takardun haihuwar yara, katinki na ɗan ƙasa, takardar gida da karnen rigakafi, ki sa a leda biyu, ki saka a bokitin roba mai murfi tare da tocila, zane ɗaya da gidan sauro. A rataye kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin katifa ba. Ki sa wani ya ɗauki hotonsu a salula ya tura wa ɗan'uwanki da ke wani gari. Lambar sojojin kashe gobara 18 ce, su ne kuma masu ciro mutane in gini ya faɗi. Ki sa babban ɗanki ya haddace ta.

Kuma ki ja kunnen yaran kan tabki da kwalbati in an yi ruwa. Kowace damina sai mun yi jana'izar yaron da ya je wanka.

TAMBAYA: Hajiya, na saba ajiye fetur bido biyu a ɗaki saboda ranar da mai zai yi wuya. Sannan waken da na ajiye bara duk ya yi ƙwari. Mene ne shawara? Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, fetur ya fita daga ɗakin kwana yau, kafin ka gama karanta shafin nan. A zafin Afrilu tururinsa kaɗai ya isa, ba sai wuta ta taɓa bidon ba. Murhun gawayi ko ashana daga nesa ta wadatar. Na yi jinyar ƙuna, ba na so in sake ganin irinta a jikin yaro. In ajiyar ta zama dole, kaɗan, a rufe ƙam, a wani ɗaki na daban mai iska inda ba a girki ba a kwana.

Wake kuwa, ka nemi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. Waken ya bushe sarai, ka duba ledojin babu huda, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin kuwa, iska suke rasawa su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Bidon man girki da aka wanke ya bushe, aka cika shi har wuya aka toshe, shi ma yana yi. Sai dai ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Na ci a ware shi daban tun farko.