Musabaha 66: mutum nawa ne a zauren?

Ɗan'uwa, ka ce a wani zama kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, aka ƙirga 66, kana neman yawan mutanen. Su 12 ne.

A ce yawansu n ne. Kowane mutum zai miƙa wa sauran n − 1 hannu, ka ga n(n − 1) ke nan. To, a nan mutane da yawa ke zamewa. In na gaisa da kai, ai kai ma ka gaisa da ni, musabaha ɗaya ce aka ƙirga sau biyu. Dole a raba biyu:

n(n − 1)/2 = 66
n² − n − 132 = 0

Nemi lambobi biyu masu tazarar 1 waɗanda ninkinsu zai ba da 132, wato 12 da 11. Saboda haka (n − 12)(n + 11) = 0, wato n = 12 ko n = −11. Ajiye −11 gefe, yawan mutane ba ya sauka ƙasa da sifili.

Amma don Allah kada ka tsaya ga haddar ƙa'idar, gwada ta da kanka. Na farko ya gaisa da 11 ya fita, na biyu da 10, na uku da 9, har zuwa 1. Tara su, 66 cif za ka samu.