Macijin Ciki a Jikin Kyanwar Rumbu

Wani manomi daga Kumo ya aiko da tambaya cewa kyanwar da ke tsare masa rumbu daga ɓeraye ta haihu, amma 'ya'yan sun ƙi girma, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yamutse, har ɗaya ta amayo farar tsutsa mai kama da taliya. Yana son sanin ko zai iya ɗura musu maganin tsutsar awakinsa.

Malam, abin da ka kwatanta shi ne macijin ciki, wanda masana ke kira Toxocara cati, kuma tsawonsa yakan kai santimita 10. Uwar takan same shi ne ta hanyar aikin da ka ajiye ta dominsa, domin ɓera da ƙananan tsuntsaye kan ɗauki 'ya'yan tsutsar a cikin namansu, su kuwa jariran a nono suka sha. Wannan ne ya sa ake ganin cutar a jikin waɗanda ko ƙofar rumbu ba su taɓa leƙawa ba.

Maganin awaki kuwa, kada ka kusance shi. An auna shi ne da nauyin akuya, ga shi kyanwa dabba ce da hantarta ba ta jure wasu magunguna, har farasitamol ma yana iya kashe ta. Ka je wurin likitan dabbobi ya auna nauyinsu, ya ba ka irin su pyrantel ko fenbendazole. Ana farawa tun suna da mako 3, a maimaita duk bayan mako 2 har su kai mako 9, sannan sau ɗaya a wata har su cika wata 6, a haɗa da uwar tun daga farko. Maimaitawar nan ita ce wadda mutanenmu suka fi sakaci da ita, alhali maganin yana kashe manyan da ke cikin hanji ne kawai, ƙananan da ke yawo a sassan jiki sai sun iso hanjin tukuna. Babbar kyanwa kuma, muddin tana farauta za ta sake kamuwa, don haka kada a wuce wata 3 ba a ba ta ba.

Wata baiwar Allah daga Bajoga ta tambaya ko cutar tana kama mutum. Hajiya, tana kamawa, musamman yara masu wasan ƙasa. Ƙwayayen da ke fita cikin kashin kyanwa sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin su zama masu cutarwa, daga nan kuma sai su daɗe a ƙasa mai laima, idan yaro ya haɗiye su tsutsar na iya kaiwa hanta ko ido. A riƙa kwashe kashin kullum ana binne shi da zurfi, a rufe tarin yashin gini da ke tsakar gida, a kuma shimfiɗa tabarma ko leda kafin a shanya gyaɗa da wake. Yara su wanke hannu da sabulu kafin a zuba musu abinci.