Wayar dish mai faɗi da ake ratsawa ta taga: tana da haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a hawa na biyu a Kaduna, mai gida ya hana a huda bango. Mai haɗa dish ya ce zai sa wata siririyar waya mai faɗi ta bi ta jikin taga, a rufe tagar a kanta. Uwargida tana tsoron gobara ko shokin. Malam, me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar wa uwargida da hankali, gobara ba ta cikin abin da nake tsoro a nan. Wutar da ke bin wayar dish daga dikoda take fitowa don ta ciyar da LNB, wato ƙoƙon nan da ke bakin sandar faranti, kuma ƙarfinta volt 13 ne ko 18, gwargwadon tashar da aka kamo. Wannan ba ta kai ta yi wa mutum illa ba. Ko da wayar ta haɗe, yawancin dikodoji suna yanke wutar da kansu, su rubuto gargaɗi a allo.

Inda matsalar take shi ne ƙarko. Wannan guntuwar waya, wadda galibi ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba, zaren cikinta siriri ne ƙwarai, rigar kariyarta ma ba ta kai ta RG6, wato zagayayyiyar wayar dish da aka saba da ita, ba. Kullum aka buɗe taga aka rufe, ana murƙushe ta. Tagar alminiyam mai zamewa ta fi cin ta, don gefenta yana goge robar har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Alamar farko ita ce wasu tashoshi su ɓace wasu su zauna, ko hoto ya riƙa daskarewa. Sigina daga LNB tana tafiya ne tsakanin megahaz 950 da 2150, kuma layukan wayar salula na megahaz 1800 da 2100 suna cikin wannan zangon, saboda haka waya mai raunin kariya tana iya ɗebo hayaniyarsu. Mai kamo tauraron ɗan adam na Nilesat ko Arabsat da ƙaramin faranti, wanda dama siginarsa a bakin gaɓa take, shi zai fara gani.

In dole ne, a zaɓi ɓangaren tagar da ba a buɗewa, a manne wayar kada ta riƙa motsi, a yi amfani da guda ɗaya tak, sauran tafiyar duk RG6. Mahaɗin da ke waje a naɗe shi da salatef mai hana ruwa, a sakko da wayar ƙasa kaɗan kafin ta hau taga, don ruwan damina ya ɗige a waje maimakon ya biyo ta cikin ɗaki. Mai faranti mai mota, wato injin da ke juya farantin, kuwa ban ba shi shawarar ta ba sam, motar tana jan wuta fiye da LNB.

Batun shokin daban ne. Idan ka taɓa bakin wayar ka ji yana cizo, laifin daga talabijin ne ko dikoda, ko soket ɗin da ba shi da wayar ƙasa, sai a kira mai gyaran wuta. Tsawa kuma ba ruwanta da ko wayarka mai faɗi ce ko zagayayyiya. Farantin da ke saman bene yana buƙatar a haɗa shi da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, abin da masu haɗa dish da yawa suke tsallakewa. Hadari ya taso, a zare wayar dish da filogi tun kafin a fara walƙiya.

Ni dai da zan samu, zan fara roƙon mai gida ya bari a huda firam ɗin taga ko a bi ta ramin na'urar sanyaya ɗaki, a toshe da silikon ranar tashi.