Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan shagunan "bio" a Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, cewa an buɗe shago kusa da ku wanda kowane kaya a cikinsa an manna masa "bio", wato wai an noma shi ba takin zamani ba feshin kemikal, kuɗinsa kuma ya ninka na kasuwa, kina son sanin ko kayan sun fi kyau da gaske, kuma ko saye a can ya fi yi wa manomi adalci. Na bari sai da na idar da sallar asuba na samu natsuwa, don maganar ta shafe ni kai tsaye.

Ni 'yar manomi ce, kuma na daɗe ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Garwa ta arewacin Kamaru. Akwai lokacin da nake kai wa wani shago irin wannan mai. Ni ke suyar gyaɗar, ni ke matsa, in cika jarka in kai musu, su kuma su juye a kwalabe masu sheƙi su liƙa takarda mai hoton koren ganye. Ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata daga wace gona gyaɗar ta fito ba. Man nawa mai kyau ne, ban surka shi da komai ba, amma gyaɗar a kasuwa nake auno ta kamar kowa, ban san abin da aka zuba mata a gona ba. Ran da na ga kuɗin da suka sa wa kwalba, ya kusa ninka abin da suke biyana sau uku, na ce wa mai shagon ko dai a cire rubutun "bio" ɗin nan ko mu nemi manomin da za mu san aikinsa. Bai yarda da ko ɗaya ba, na daina kai musu.

A Turai kalmar "bio" tana da doka a bayanta. Sai gona ta yi shekara 2 zuwa 3 ba takin zamani ba maganin feshi na kemikal, kuma sai kamfanin tantancewa irin su Ecocert ya aiko mai dubawa har gonar kowace shekara, sannan a ba da takarda, a buga lambar mai tantancewar a jikin kayan. Wannan hidima kuɗi ce mai yawa, shi ya sa a ƙasashenmu galibi kayan da za a fitar waje ake yi wa. To ki shiga shagon ki ce a nuna miki takardar. In babu, ki tambayi sunan ƙauyen da kayan suka fito da ranar da aka kawo su. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Na san wata baiwar Allah da ke da lambunta a bakin Binuwai, ba ta da takardar kowa, amma za ta ɗauke ki har can ki ga tulin takin shanu da ruwan ganyen darbejiya da take fesawa. Gani ya kori ji, ni wannan ta fi kwantar min da hankali a kan kwalba mai ado.

Inda na fi so ki sa ido shi ne wake, domin sau da yawa a wurin ajiya guba take shiga cikinsa, ba a gona ba. Ɗan kasuwa ya sayi wake da kaka yana son ya kai shi bazara, ƙwari kuma ba sa jira, sai ya yayyafa masa fiya-fiya ko ya jefa ƙwayar nan mai hayaƙi a cikin buhu ba ƙa'ida. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wato dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Ki duba, abin da suka ƙi ci mu muke yi wa yara ƙosai da alale da shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin matsalar a ƙofar gidanmu aka gano shi. A Marwa ne masu bincike na cibiyar binciken noma ta Kamaru tare da jami'ar Purdue ta Amurka suka gwada dabarar ajiye wake a leda ninki-ninki, wadda daga baya ta zama buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu da kansu. Iyayenmu ma da toka da yashi suke yi. Ni idan zan sayi wake sai na cusa hannu can cikin buhu, in damƙo in shinshina. In na ji wari kamar na kalanzir ko tafin hannuna ya yi wani fari-fari, na wuce. Wake da aka kai watanni da girbewa, a buɗe a tire, ko ƙuda ba ya sauka a kansa, wannan abin tsoro ne.

Ganye da tumatir kuma matsalarsu gaggawa. A jikin kowace kwalbar feshi an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, amma wani ya fesa yau gobe ya kai kasuwa, wani ma maganin da aka yi don auduga yake fesa wa kabeji. Wanki yana fitar da datti da abin da ke saman ganye, ba ya fitar da wanda ya shige ciki. Ayaba da mangwaro da suka yi rawaya fes amma ƙarƙashin kututture kore, ciki kuma ba zaƙi, galibi da sinadarin kabaid aka sa su nuna. Gyaɗa kuwa, ko da ba a taɓa fesa mata komai ba, in ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Shi ya sa nake zama in tsince baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kafin in ɗora kasko.

Kar ki manta da yawan abin da muke ci wanda dama can ba mai fesa masa komai. Kuka, tsamiya, ɗorawar da ake daddawa, aduwa, magarya, duk daga daji suke. Na taɓa ganin garin kuka a ƙaramar kwalba da kuɗin da zai saya miki kwano guda a kasuwar Pitowa ran Lahadi. Masakwa, dawar rani, ma a da ba a fesa mata komai, sai dai yanzu wasu kan fesa maganin ciyawa kafin dashe, don haka ita ma a tambaya.

Batun adalci kuwa, a nan ne nake ganin laifinmu mu masu saye. Mu shiga shago mai sanyi mu biya abin da aka rubuta ba musu, mu fito mu tsaya kan tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun duku-duku da kwandon zogale muna tayawa har sai ta sallama da faɗuwa. Na ga mahaifina ya sayar da albasa a gona da kuɗin da bai mayar masa da na iri da ban ruwa ba, saboda bashi ya taso kuma ba shi da rumfar ajiya. Wanda ya saya ya jira wata uku ya ci ribar guminsa. Tun daga nan na daina taya mai ɗan kaya a faifai. In kina son kuɗinki ya isa hannun manomi, ki sayi shinkafar Yagwa da Maga maimakon ta jirgin ruwa, ko da za ki ɗan sha tsintar tsakuwa, ki sayi kifin Lagdo, ki sayi zumar Adamawa wajen wanda kika sani.

Ban ce ki ƙaurace wa shagon ba. Ina ganin amfaninsa a ƙwai, nono da salak idan sun iya faɗa miki inda suke samowa, kuma tsabta da firji ba ƙaramin abu ba ne a zafin watan Afrilu na Garwa. Amma hatsi, wake da gyaɗa, mu biyar muke haɗa kuɗi da kaka, mu saya wajen manomi ɗaya da muka sani, kowa ta ɗaure nata a buhu mai leda. Bana muna neman ta shida, in kina so ki yi min magana kafin a fara girbin wake.